BABI NA UKU: MAGUDANAR AIKI A BINCIKEN KIMIYYAR RAYUWA, MISALI DAGA NAZARIN CUTAR SAMMORE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙwayoyin gado, da yadda masana kimiyyar rayuwa suka gano cewa siffofin da abu mai rai yake gada daga iyayensa a rubuce suke cikin sinadarin DNA da haruffa huɗu kacal, wato A da C da G da T. Wannan babi kuwa zai dubi wata matsala ce da ta biyo bayan wannan ganowa. Bayanan da aka tara sun yi yawan da mutum ɗaya ba zai iya bin su da ido ba, sannan a warwatse suke a ƙasashe daban-daban, kowane rumbu da irin fasalin da yake ajiye nasa. Haka su ma manhajojin da ake tace bayanan da su, kowace da wanda ya ƙirƙiro ta, kuma ba a yi su don su yi aiki tare ba. Za a yi ƙoƙarin nuna dabarar da masana suka ɓullo da ita domin haɗa kan waɗannan kayan aiki, tare da kawo misalin wani bincike da aka yi a kan cutar sammore, wadda makiyayan ƙasar Hausa suka daɗe da sani.

3.1 Ma'anar Magudanar Aiki

Kalmar da Turawa suke amfani da ita ga wannan dabara ta haɗa ma'anoni biyu ne, wato aiki da kuma gudana irin ta ruwa. Saboda haka a wannan nazari aka zaɓi a kira ta magudanar aiki. An yi tunanin a ce jerin aiki, amma jeri yana nuna abubuwa ne a layi ɗaya, alhali kuwa abin da ake magana a kai yakan rabu gida biyu ko uku, daga baya ya sake haɗewa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ruwan madatsar Tiga yake bin babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa fangalin manoman rani a Kadawa, zai gane hoton da ake nufi. Bambancin kawai shi ne, a nan bayanai ne suke gudana, kuma a kowace mahaɗa akwai wata manhaja da za ta yi musu wani aiki kafin ta miƙa su gaba.

Ke nan magudanar aiki rubutaccen tsari ne da yake fayyace inda za a ɗauko bayanai, da manhajar da za ta fara karɓar su, da sharuɗɗan da za a gindaya mata, da kuma inda sakamakonta zai nufa. Akwai kuma wata babbar manhaja da take karanta wannan tsari ta aiwatar da shi mataki bayan mataki, tana ajiye tarihin duk abin da ya faru. Ita ce za a riƙa kira manhajar gudanarwa a wannan babi.

3.2 Halin da Masu Bincike Suka Shiga Kafin Ɓullowar Dabarar

Tun a shekarar 1982 aka buɗe rumbun GenBank a Amurka domin ajiye jerin haruffan DNA da masana suka karanto. A shekarar 1990 aka fito da manhajar BLAST, wadda take ɗaukar wani jerin haruffa ta nemo masu kama da shi a cikin rumbu. A shekarar 1995 Minoru Kanehisa na Jami'ar Kiyoto ta ƙasar Japan ya kafa rumbun KEGG, wanda yake nuna yadda ƙwayoyin gado suke haɗuwa rukuni-rukuni su gudanar da wani aiki guda a jiki. Akwai kuma Ensembl a Ingila mai ɗauke da taswirar inda kowace ƙwayar gado take, da PubMed mai tattara taƙaitaccen bayanin maƙalun likitanci. A lokacin da aka sanar da kammala karanta kundin gadon ɗan'adam a shekarar 2003, mai haruffa kimanin biliyan 3, irin waɗannan rumbuna sun kai ɗaruruwa.

Mai bincike a wancan zamani yakan buɗe shafin rumbu na farko a intanet, ya kwafo sakamako, ya liƙa shi a shafin manhaja ta biyu, ya jira, ya sake kwafowa ya kai na uku. Sau da yawa ƙwayar gado ɗaya tana da lamba daban a kowane rumbu, sai ya tsaya ya nemo wace lamba ce ta dace da wace. Wannan aiki yana cin lokaci, amma cin lokacin shi ne ƙaramar illarsa. Babbar illar ita ce, bayan wata shida shi kansa mai binciken ba zai iya faɗin ainihin matakan da ya bi ba, balle wani masani a wata jami'a ya maimaita aikin ya ga ko zai sami sakamako iri ɗaya. Ilmin kimiyya kuwa a kan maimaitawa ya ginu. Binciken da ba a iya maimaita shi bai wuce labari ba.

Akwai wani misali mai ban dariya da ban takaici da yake nuna haɗarin aikin hannu. Masana da yawa sukan zuba sunayen ƙwayoyin gado a cikin manhajar lissafi ta Excel. To akwai ƙwayar gado mai suna SEPT2 da wata mai suna MARCH1, waɗanda manhajar takan ɗauka kwanan wata ne, sai ta mai da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris ba tare da ta sanar da kowa ba. Wani nazari da Mark Ziemann da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka duba masu ɗauke da irin waɗannan jadawalai. Abin ya kai ga a shekarar 2020 kwamitin da yake raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna ya fitar da ƙa'idar sauya irin waɗannan sunaye, MARCH1 ta koma MARCHF1, SEPT2 kuma SEPTIN2.

3.3 Manhajar Taverna

Daga cikin manhajojin gudanarwa na farko da suka yi suna a wannan fage akwai Taverna. Ta fito ne daga wani shiri mai suna myGrid da aka fara a Ingila a shekarar 2001 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Carole Goble ta Jami'ar Mancesta, kuma an wallafa maƙalar da ta gabatar da ita ga masana a shekarar 2004, Tom Oinn ne a kan gaba cikin marubutanta. A cikin Taverna mai bincike yakan jera 'yan akwatuna a fuskar kwamfuta, kowane akwati yana wakiltar wani rumbu ko wata manhaja, sannan ya ja layi daga bakin wannan zuwa bakin wancan. Yawancin manhajojin ba a cikin kwamfutarsa suke ba. Suna can a cibiyoyin da suka mallake su a Ingila ko Amurka ko Japan, Taverna ce take aika musu tambaya ta intanet ta karɓo amsa. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin za a dawo kansa a sashe na 3.5.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko shi ne binciken larurar Williams-Beuren, wadda ake haifar yaro da ita idan wani yanki na kuromosom na 7 ya ɓace. Masu binciken a Mancesta sukan bi rumbuna da hannu suna neman sababbin bayanai a kan wannan yanki, aikin da kan ɗauke su lokaci mai tsawo. Da aka mai da matakan magudanar aiki sai ya koma 'yan sa'o'i, kuma ana iya sake kunna shi duk lokacin da aka ƙara sabon abu a rumbu.

Wani abin lura shi ne, kaso mai yawa na akwatunan da suke cikin irin waɗannan magudanai ba wani nazarin kimiyya suke yi ba. Aikinsu kawai sauya fasali, wato su karɓi sakamakon wannan manhaja su gyara shi yadda waccan za ta gane, kamar tafinta tsakanin baƙi biyu a kasuwa.

3.4 Binciken Cutar Sammore

Sammore cuta ce ta dabbobi, musamman shanu, wadda ƙudan tsando yake yaɗawa a yayin da yake tsotsar jini. Abin da yake haddasa ta wata ƙaramar halitta ce da ba a gani sai da madubin likita, daga dangin da masana suke kira Trypanosoma, kuma daga cikin dangin nan ne ake samun mai haddasa ciwon barci ga mutane. Saniyar da ta kamu takan yi zazzaɓi, jininta ya ƙare, ta rame, nononta ya ragu, daga bisani ta mutu idan ba a yi mata magani ba. Saboda muhimmancin cutar ne Nijeriya take da cibiyar bincike ta musamman a kanta a Kaduna.

Makiyaya sun daɗe da lura cewa ba duka shanu ne cutar take kayarwa ba. Shanu masu tozo irin su bunaji da rahaji ba sa jure mata, shi ya sa a da makiyaya suke gudun dazuzzukan kudu da damina. Amma muturu da kuma shanun N'Dama na yammacin Afirka, waɗanda ba su da tozo, sukan rayu a tsakiyar ƙudan tsando har su hayayyafa. Tambayar da masana suka sa a gaba ita ce, waɗanne ƙwayoyin gado ne suke ba su wannan juriya? Idan aka san su, ana iya zaɓen bajiman da suke ɗauke da su domin barbara, a sami shanu masu girman jiki da yawan nono kuma masu juriya.

Gwaji da shanu yana da tsada da jinkiri, domin saniya wata tara take ɗaukar ciki, ga kuma shekarun da maraƙi zai yi kafin ya girma. Don haka aka koma ga ɓerayen ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda su ma aka ga wani irinsu mai suna C57BL/6 yana daɗewa da rai bayan an sa masa cutar, alhali ire-iren da ake kira A/J da BALB/c suna saurin mutuwa. A shekarar 1997 Stephen Kemp da abokan aikinsa, masu alaƙa da cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa da take Nairobi a ƙasar Kenya, suka wallafa cewa sun gano yankuna uku a kundin gadon ɓera da suke da hannu a wannan juriya. Suka sa musu suna Tir1 da Tir2 da Tir3, a kan kuromosom na 17 da na 5 da na 1 bi da bi. Tir1 shi ne mafi tasiri.

Sai dai gano yanki daban, gano ƙwayar gado daban. Misalinsa kamar a ce wa mai cigiya wanda yake nema yana unguwar Fagge, ba a faɗa masa layi ko lambar gida ba. Yanki ɗaya yana iya ƙunsar ƙwayoyin gado ɗaruruwa. A ɗaya ɓangaren kuma, an yi wani gwaji na daban da yake auna waɗanne ƙwayoyin gado ne suke ƙara himma ko rage ta a jikin ɓera bayan ya kamu da cutar, shi ma ya fito da dogon jeri. Abin da mai bincike yakan yi a irin wannan hali shi ne ya tsame waɗanda ya riga ya sani, musamman masu alaƙa da garkuwar jiki, ya yi watsi da sauran, domin ba shi da lokacin bin kowace ɗaya. Ba za a zarge shi ba, amma sakamakon haka shi ne abin da ake zato tun farko shi kaɗai ake dubawa, wanda ba a zata ba kuwa ko kallo ba ya samu.

A nan ne Paul Fisher na Jami'ar Mancesta da abokan aikinsa suka shigo da Taverna, a wani aiki da suka wallafa a shekarar 2007. Magudanarsu tana da rassa biyu. Reshe na farko yana karɓar iyakokin yankin Tir1, ya tambayi rumbun Ensembl duk ƙwayoyin gadon da suke tsakanin iyakokin, ya sauya lambobinsu zuwa waɗanda rumbun KEGG yake ganewa, sannan ya nemo rukunonin aikin da kowace take ciki. Reshe na biyu yana yin haka ga jerin ƙwayoyin da himmarsu ta sauya bayan kamuwa da cutar. A ƙarshe sai a haɗa rassan a fitar da rukunonin da suka bayyana a duka ɓangarorin biyu, a kuma nemo abin da aka rubuta a kansu a PubMed. Hikimar da take ciki ita ce, ƙwayar gadon da ake nema ba dole ba ne a ga himmarta ta sauya, amma idan tana cikin rukuni ɗaya da waɗanda suka sauya, to akwai dalilin tuhumarta. Kwamfuta kuwa ba ta gajiya kuma ba ta da wadda ta fi so, saboda haka ba a bar ko ɗaya a baya ba.

Ta wannan hanya aka kai ga wata ƙwayar gado mai suna Daxx, wadda take da hannu a tsarin da ƙwayoyin halittar jiki suke bi su kashe kansu idan sun lalace ko aikinsu ya ƙare. Da aka koma ɗakin gwaje-gwaje aka karanta haruffanta, sai aka tarar lalle akwai bambanci tsakanin ta ɓeraye masu juriya da ta marasa juriya.

Wajibi ne a yi hattara a nan, domin sau da yawa akan ba da wannan labari kamar an warware matsalar sammore. Abin da magudanar ta fitar tuhuma ce, ba hukunci ba. Wani nazarin da aka wallafa a shekarar 2010, wanda wasu daga cikin masanan farko suke ciki, ya fi karkata ga wata ƙwayar daban mai suna Pram1 a wannan yanki na Tir1. Har ila yau, ɓera ba saniya ba ne. Abin da za a iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne, hanyar da aka bi an rubuta ta filla-filla, ta yadda duk mai shakka zai iya ɗaukar ta ya bi sawu. An ma sake amfani da wannan magudana wajen nazarin juriyar ɓeraye ga wata tsutsar ciki mai suna Trichuris muris, cutar da ba ta da wata dangantaka da sammore. A shekarar 2007 ɗin ce kuma aka buɗe dandalin myExperiment, inda masana suke ajiye magudanansu domin wasu su ara.

3.5 Lalacewar Magudanai da Gyaran da Ya Biyo Baya

An ambata a sashe na 3.3 cewa Taverna ta dogara ne ga manhajojin da suke hannun wasu cibiyoyi masu nisa. Wannan ne ya zama rauninta. Idan cibiya ta sauya adireshi, ko ta sauya fasalin amsar da take bayarwa, ko kuɗin tallafinta ya ƙare ta rufe, to magudanar da ta dogara gare ta ta toshe ke nan, ko da kuwa mai ita bai taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba. Alal misali, a ƙarshen shekarar 2012 rumbun KEGG ya rufe tsohuwar ƙofar da manhajoji suke bi su yi masa tambaya, ya koma wata sabuwa, wanda ya sa duk magudanar da aka gina a kan tsohuwar sai an yi mata gyara. A wannan shekara Jun Zhao da abokan aikinta suka gwada magudanan Taverna guda 92 da aka ajiye a myExperiment, suka tarar kusan kashi 80 cikin ɗari ko dai sun ƙi tashi ko kuma sun ba da sakamakon da ya saɓa wa na farko. Dalilan sun haɗa da ɓacewar manhajojin waje, da rashin bayanan gwaji, da kuma rashin cikakken bayanin yadda ake amfani da su. Ashe dabarar da aka kawo domin a iya maimaita bincike ita ma tana bukatar mai kula da ita, kamar yadda magudanar ruwa take bukatar yasa.

Manhajojin da suka biyo baya sun ɗauki darasi. Galaxy, wadda Anton Nekrutenko da James Taylor suka fara a Jami'ar Jihar Pensilbaniya ta Amurka a shekarar 2005, ta tattara manhajojin ne wuri ɗaya, mai bincike ya shiga ta shafin intanet ba sai ya iya rubuta umarnin kwamfuta ba. Snakemake ta Johannes Köster ta fito a shekarar 2012, Nextflow ta Paolo Di Tommaso kuma a birnin Basalona na ƙasar Sifen a shekarar 2013. Waɗannan biyun rubuta su ake yi kamar yadda ake rubuta manhaja, ba zana akwatuna ba. Ita kuwa Taverna, bayan an miƙa ta ga gidauniyar Apache a shekarar 2014, an dakatar da aikin raya ta a shekarar 2020.

Babban abin da ya sauya al'amarin shi ne fasahar sunduƙi, wadda manhajar Docker ta yayata daga shekarar 2013. A wannan fasaha akan ɗauki manhaja, da ainihin bugun da aka yi aiki da shi, da duk ƙananan abubuwan da take bukata, a kulle su cikin ƙunshi ɗaya. Duk kwamfutar da aka kai wannan ƙunshi zai yi aiki iri ɗaya. Wato maimakon a riƙa aika bayanai zuwa ga manhajar da take wata ƙasa, sai a ɗauko manhajar a kawo ta inda bayanan suke. Wannan bai kawar da matsalar gaba ɗaya ba, domin rumbunan bayanai suna ci gaba da sauyawa, kuma dole mai bincike ya rubuta bugun rumbun da ya yi amfani da shi da ranar da ya ɗauko.

Sauyin yana da ma'ana ta musamman ga masu bincike a Afirka, inda layin intanet yake da rauni a wurare da dama, kuma dokokin kare bayanan marasa lafiya kan hana a fitar da su daga ƙasa sai da izini. Ƙungiyar H3ABioNet, wadda aka kafa a shekarar 2012 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Kef Tawun, kuma wasu cibiyoyin Nijeriya suka kasance cikinta, ta tara masana a birnin Firitoriya na Afirka ta Kudu a shekarar 2016 domin wannan aiki. Sun gina magudanai guda huɗu, biyu da Nextflow, biyu kuma da wani harshen bai-ɗaya na rubuta magudanai mai suna CWL, suka kulle manhajojin cikin sunduƙan Docker. An tsara su ne yadda za su yi aiki a kan manyan kwamfutocin cibiyoyin bincike, su kuma yi aiki a kan kwamfuta guda ɗaya a sashen jami'ar da ba shi da irin waɗancan.